Labbo Mai Bin Sawu da 'Yar da Ya Kai Lekwal

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake komawa. Ranar Talata sha takwas ga watan Satumba na 1979, wato ashirin da shida ga watan ƙaramar salla, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Labbo na Zangon Kirya, ƙauyen da ke yamma da Dungas, tafiyar da ba ta cika sa'a guda ba a ƙasa. Ciwon haƙarƙari ya yi, kwana tara. Sau biyu muka kai shi gidan likita a amalanke, aka yi masa allura, ya ce a mai da shi gida. An yi masa sutura bayan azahar. Shekarunsa hamsin ko kusa da haka, shi kansa da shekarar fara yake ƙirga haihuwarsa.

Waɗanda suka kalli talabijin a gidan samariya na Magarya sun san shi da Birgadiye, jandarman wasan kwaikwayo mai kama ɓarayin shanu. Ni Hammadu ne, ɗansa na fari. Karatuna na manya ne, rani biyu na yi, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Abin da na gani zan faɗa, inda kuma ji na yi zan ce ji na yi.

Baba, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Ɗan fari ne ni, kuma sunan mahaifinka aka sa mini, kunya ta zama biyu. In za ka aike ni sai ka dubi wani gefe ka ce, "A ɗauko igiya." Ni ma ban taɓa kiran naka ba sai a wannan takarda.

Kafin a san ka da kaki, da bin sawu aka san ka. Daga Yekuwa har Dogo-Dogo, wanda dabbarsa ta ɓace gidanmu yake kwana. Kakan tsuguna bisa sawu ka daɗe, mai dabba yana ta ƙorafi a kanka, sa'an nan ka miƙe ka ce saniyar tana da ciki, wanda ya kora ta kuwa takalminsa na dama ya tsinke ya ɗaure da kaba. Ba ka karɓar kome sai goro. A shekarar yunwa akuyar Maigari ta ɓace. Muka bi sawu ni da kai har bayan wani gida, muka ga fata a shanye bisa danga, muka ji yara suna rigima a kan ƙashi. Ka tsaya, ka juya, muka koma. Ka ce wa Maigari sawu ya hau fako ya ɓace. Ina bayanka, na ga bai ɓace ba, makaho ma zai bi shi da sanda. Bayan kwana biyu ka kai wa Maigari 'yar akuyarmu ja, ka ce ta cika ɓarna a gida, ya riƙe maka ita. Ba ka sake tambayarta ba. Mai gidan nan yana cikin sahun gaba ranar da aka yi maka salla, kuma ba zan faɗi sunansa ba.

Wasan kwaikwayo samarin Dungas ne suka jawo ka ciki. Sukan yi shi ranar kasuwa bayan la'asar, ba takarda, ba wanda ya haddace kome, a shirya yadda labari zai tafi, sauran kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Suna neman wanda zai yi jandarma mai bincike, aka ce ga wanda yake yi ba da wasa ba. Ka girme su duka, mutane suka yi mamaki da ka yarda. Wani tsohon soja ya ara maka kaki da hula. Mamadu mahauci shi ne ɓarawo kullum. Wata tsohuwa ta taɓa ratsa fili ta ɗirka masa muciya a gadon baya, ta ce ai ta daɗe tana zarginsa. Bayan wasa mutane sukan biyo ka da ƙararsu ta gaske, kana cire hula suna cewa ka mai da ita tukuna su gama.

Dole in koma baya kaɗan, don wanda bai san gidanmu ba ya gane abin da ya faru a kasuwa.

Shekarar da na cika bakwai aka zo kamun lekwal, wato ɗaukar yara makarantar boko. Yadda ake yi a lokacin, mushe, wato malamin lekwal, ya zo da dogarin sarki, a tara yara a ƙofar Maigari, kowane yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, shekarunsa sun isa, a rubuta shi. Wanda bai kai ba a ce sai baɗi. Ka samu labarin zuwansu tun da sauran kwana uku. Kwana ukun nan a bayan garke muka yi su, kana koya mini in sandare gwiwar hannu, in sauke kafaɗa, in karkata kai kaɗan yadda kunne zai guje wa yatsu ba tare da an lura ba. Ka sa Inna ta saka mini rigar da ta fi ni, don in ƙara ƙanƙanta a ciki. Da aka zo kaina na yi yadda ka koya mini. Mushe ya ja hannun da kansa, na ƙi saki. Ya ce baɗi. Da baɗin ta zo ina daji da shanu.

Ban kawo wannan don in tuhume ka ba. Kowa haka ya yi, wasu rumbu suke sa yaro, wasu su tsallaka da shi iyaka wurin dangi. Maigari na lokacin agolansa ya bayar, ya ɓoye nasa uku. Kai kuma ɗa namiji guda gare ka da garke cike, kuma ka ga yaran da lekwal ta ɗauka, in sun dawo hutu ba su san saniyar gidansu daga ta maƙwabta ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a kakar 1973, aka kawo sabon shugaban lekwal a Dungas, Mushe Ousmane. Ya zagaya ƙauyuka bai samu yara ba. Ya roƙi samari su yi wasa a kan masu ɓoye 'ya'ya. Aka shirya cewa Mamadu zai sa ɗansa a rumbu, Birgadiye ya bi sawun yaron ya fito da shi, ya yi wa uban faɗa, a tashi. Haka aka yi har wurin faɗan. Ina tsaye a bayan mutane da sandata, na kawo bijimi sayarwa. Mamadu yana durƙushe, ka ɗora masa hannu a wuya, sai ya ɗago kai ya ce, da ƙarfi yadda har 'yan runfar gishiri suka ji:

"Ranka ya daɗe, na amsa laifina, ni rumbu na sa nawa. To kai da kake kama mu, naka fa? Ga shi can ya fi ka tsawo. Har yau hannun bai kai kunnen ba?"

Kasuwa ta fashe da dariya, kowa ya waiwayo yana nemana. Ba a shirya wannan ba. Mamadu mutum ne da in magana ta zo masa ba ya iya haɗiye ta, ya kuwa zo ya ba ka haƙuri daga baya da tsire a takarda.

Ba ka dube ni ba. Ka bari dariya ta lafa, sa'an nan ka ɗaga murya ka ce, "Kadi! Zo nan." Ƙanwata Kadi tana da shekara bakwai, tana zaune gefen ƙwaryar nonon Inna tana korar ƙuda. Ta taso ta ratsa mutane. Ka ce ta ɗora hannu bisa kai. Ta ɗora, yatsunta suka rufe kunnen gaba ɗaya. Ka juya wurin Mushe Ousmane, yana kan kujera a gaba yana share hawayen dariya.

"Mushe, ka zo da abin rubutu?"

"Na zo da shi, Birgadiye. A cikin wasan za a rubuta ta, ko a kayen lekwal?"

"Kaye nawa gare ka?"

"Ɗaya ne."

"To a cikinsa."

Ya buɗe kayen, littafin sunayen 'yan lekwal, ya rubuta. Mutane suka yi tafi, suna tsammanin haka aka shirya ƙarshen wasan. Ranar da aka buɗe lekwal suka ga Kadi a bayan jakinka da ɗan allon ƙarfe a rataye, sai suka daina tafi.

Ƙanenka, Baffa Wakili, ya zo har gida. Ina ɗaure maruƙa, na ji ku. Ya ce, "Yaya, Mamadu ne ya tsokane ka, kowa ya gani. Ka je ka ce wa mushe ya share. Maganar da aka yi da kakin aro ba ta ɗaure kowa." Ka ce, "Kakin ne na aro, Wakili. Bakin nawa ne." Inna kwana uku tana aje maka ƙwarya ba ta ce uffan ba. Tana da gaskiyarta, 'ya mace guda gare ta, ita ce ƙafarta zuwa rijiya da kasuwa. Cikin yara arba'in da aka ɗauka shekarar nan, mata huɗu ne, kuma Kadi kaɗai ce 'yar masu shanu.

Har yau akwai masu cewa kunyar kasuwa ce ta sa ka, ba son karatu ba. Mai yiwuwa ranar farko haka ne. Ni dai abin da na lura, kunya ba ta kai mutum shekara shida.

Wata na biyu Kadi ta gaji da bulalar mushe. Takan fita da safe ta dawo da azahar, ashe ba ta isa. Wata rana ka dubi ƙafarta ka ga jar ƙasa, hanyar Dungas kuwa rairayi ce fari. Ba ka tambaye ta kome ba. Washegari ka bari ta yi nisa ka bi sawunta, ka iske ta gindin kanya a bakin tafki, ita da yara biyar na wasu ƙauyuka, sun tara 'ya'yan kanya a allunansu. Ka jero su gaba kamar tumaki har ƙofar aji. Ba ka doke ta ba. Ita ta gaya mini abin da ka ce mata a hanya, wai in za ta sake gudu ta riƙa bin kan ciyawa, don kada ta ba uban da ya haife ta kunya da irin wannan sawu. Ba ta sake ba. Mushe Ousmane kuwa daga ranar, in yaro ya ɓace masa kwana biyu, gidanmu yake aikowa.

Ranin da ya biyo baya shi ne wanda ba a manta ba. Gero bai yi ba, ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Duk masu shanu suka ɗaura kaya za su yi kudu, gida gida, da mata da yara. Kai ne ka san hanyoyin nan da rijiyoyinsu, ka bi su kana saurayi. In ka tafi da iyali, Kadi ta bar lekwal. In ka tafi ka bar Inna da yarinya, ba mai nema musu abinci. Ka ce ni da Baffa Wakili mu kora garken, kai za ka zauna. Baffa ya ce, "Saboda allon ƙarfe za ka bar shanun ubanmu a hannun yaro?" Ka ce Allah ya kiyaye hanya.

Wata biyar muka yi. Mun ɓata kwana huɗu a wata hanya da rijiyarta ta ƙafe, abin da kai ba za ka yi ba. A nan muka bar mafi yawansu. A gida, yadda Inna ta ba ni labari, kana yi wa mutane yasar rijiya a ba ka jar dawar taimako. Jakin ya mutu. Kadi ta rame har ba ta iya tafiyar Dungas da dawowa, sai ka riƙa saɓa ta a wuya zuwa tsamiyar da ke kusa da lekwal, ka sauke ta a nan don kada yara su gani su yi mata dariya.

Da ruwan fari muka dawo da shanu shida. Ka zagaya su, ka shafa kowace. Sa'an nan ka tambaye ni waɗanda ba su dawo ba, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ina ta faɗi, da safe ko da yamma, an samu yanka ta ko ba a samu ba. Na ba ka amsa duka. Baffa ya ce da kana nan da rabi sun tsira. Ina ganin gaskiya ya faɗa. Kai ma ba ka musa ba.

Bayan shekara biyu aka buɗe karatun manya a Dungas, bayan azahar ake yi, daidai lokacin shayar da shanu. Muna bakin rijiya, kana jan guga ina juyewa a kwami, sai ka ce wa rijiyar, "A tafi wurin nan da ake koya wa manya. Shayarwa a bar mini." Na ce to. Ka ja guga biyu. Sa'an nan ka ce, "Ran nan hannun ya kai."

Na ce, "Ya kai, Baba."

Ka ce, "Na sani."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Rani biyu kana jan ruwa kai kaɗai, igiya ta tsaga maka tafin hannu, kana shafa man shanu kana ɗaurewa da tsumma. Da haka na iya abin da nake yi yanzu.

Farkon shekarar nan wasu mutane suka zo daga Damagaram da na'urori a mota, suka ɗauki wasanku huɗu a Magarya don talabijin. A cikinsu aka ba Birgadiye 'ya mai zuwa lekwal, wadda take karanta masa takardar cinikin shanu ta gano ta ƙarya ce. Kadi ce da kanta ta yi. Shugabansu ya so a sa wurin da Birgadiye zai tara iyaye ya kira su jahilai. Ka ƙi. Ka ce Birgadiye ba zai zagi uban kowa ba, ya san abin da ke sa mutum ya ɓoye ɗansa. Suka yi ta lallashi har rana ta yi zafi, suka haƙura. Abin da ya fito, Birgadiye ya zauna da uban a kan tabarma ya tambaye shi wa zai yi masa kiwo in yaron ya tafi, suka yi ta lissafin dangi har aka samo. An ce wasu sun ga wurin ya yi sanyi, ba faɗa ba mari.

Sau ɗaya ka kalli kanka. Muka je Magarya ni da kai, muka tsaya a bayan taro. Mutane suna ihu suna nuna ka, kai kana duban ƙafafun mutumin da ke cikin akwatin. Da muka fito ka ce, "Ashe hagu nake ja. Shekara nawa ina bin na mutane."

Da damina ta faɗi aka fito da sakamako. Kadi ta ci satifika, ta kuma samu shiga kolej a Magarya. Ba ka ce mata sannu ba, ba halinka ba ne. Ka hau mota ka je neman inda za ta zauna, ka samu Yakura, wata dattijuwa Babarbariya mai sai da tabarmi kusa da tasha, wadda ka taɓa gano wa ragonta. Ta ce ɗakinta ɗakin Kadi ne. Ka dawo da akwatin ƙarfe shuɗi a ka. An ce ranar Litinin ɗaya ga Oktoba ake buɗewa, kuma wanda bai zo ba cikin kwanakin farko, a ba wani gurbinsa.

Ruwan ƙarshe ya doke ka a gona kana yankan geron fari, ka kwanta. A kwanakin jinya ka yi maganar saniya mai ɗingishi, ka ce a mayar wa Zakari maƙwabcinmu da gatarinsa. Ban ji ka ambaci kolej ba. Ko ka ɗauka magana ta riga ta ƙare, ko ka bar wa masu rai, Allah ya sani.

Ranar sadakar bakwai, da baƙi suka watse, Baffa Wakili ya tara mu a tsakar gida, shi da dattawa uku. Inna tana bayan zana. Abin da ya kawo ba son zuciya ba ne. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba rijiya, ba daji, ba kasuwa. Matata Zara tana gidansu wajen Yekuwa goyon ciki, ba ta dawowa sai bayan ta haihu ta yi wanka. Iyalin Baffa suna ruga da nisa. Matan maƙwabta sun yi mana kwana bakwai, ga girbi ya kama, kowa da nasa. Nono kuwa in bai je kasuwa ba, babu gishiri babu cefane. Ya ce Kadi ta zauna da uwarta har a fita takaba, in ya so a ga abin da Allah zai yi. Kowa a wurin ya san in an fita takaba babu sauran gurbi.

Baffa ya tambaye ni, "Ya bar wasiyya a kan yarinyar nan?"

Na ce bai bari ba.

"To ka gani. Kai da ba a kai ka ba, me ka rasa? Ga ka da mata, ga gona, ga shanu suna dawowa."

Na ce, "Ban rasa kome ba, Baffa. Amma abin da ake nema a wurin Kadi, ruwa ne da itace da kai nono. Zan yi."

Wani dattijo ya ce, "Ruwa da itace mun ji. Nonon fa? Ƙwarya za ka ɗora a ka, ka zauna cikin mata?"

Na ce in an ba ni wuri zan zauna.

Baffa ya ce ba a taɓa yi ba a zuriyarmu, kuma shi za a nuna da baki a kasuwa kafin ni. Kadi tana bakin murhu ta ba mu baya, tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Sai muka ji Inna daga bayan zana, wadda kwana bakwai ba a ji muryarta ba sai amsa gaisuwa. Ta ce, "Wakili, ni na fi kowa ƙin abin nan ranar da aka fara shi. Shanu sun riga sun mutu a kansa. Daka da girki ku bar mini, takaba ba ta hana riƙon taɓarya. Ya ɗebo ruwan." Baffa ya ce shi dai ya faɗi nasa, ya tashi. Da safe kafin ya koma ruga ya aiko wa Kadi da zane sabo.

Ranar Lahadi na ɗora akwatin a amalanke. Inna ta rako ta iyakar ƙofar gida, ƙafarta ba ta ƙetare ba. Daga Dungas muka shiga mota. Na damƙa ta hannun Yakura, na kwana a tasha gidan wani ɗan garinmu, da safe na tsaya a bakin kolej har na ji an kira sunanta da naka ta amsa, na juyo.

Yau kwana goma sha ɗaya ina zuwa rijiyar mata da tulu. Kasuwa biyu na kai nono. Ta farko na yi ɓarin kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, don ban iya gammo ba. Iya Ƙande, wadda ke zama kusa da wurin Inna, ta matsa mini ta ce, "Zauna, amarya. Ina ɗankwalinki?" Mata suka yi ta yi har suka gaji. Da ta ga ina cika ludayi fiye da kima ta buge mini hannu, ta nuna mini yadda ake karkata shi. Mamadu ya zo ya tsaya a kaina, na ga maganar ta zo masa har leɓe. Ya haɗiye, ya sayi ludayi biyu ya shanye a tsaye. Kasuwa ta biyu dariyar ta ragu. Saura wata uku da kwanaki.

Wannan shi ne labarin gida, Baba, tun da ka tafi. Gatarin Zakari an mayar. Saniyar ta fara taka ƙafar.

Ya Allah, ga bawanka Labbo ya zo maka, ba shi da kaki ba shi da sanda. Ka yafe masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi cikin rashin sani. Yadda ya rufa asirin mai yunwa, ka rufa nasa ranar da ake tone asirai. Ka sanyaya masa makwanci, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da dabbobin da ba su iya roƙo. Ka haɗa shi da iyayensa cikin rahama. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ina miƙa gaisuwar rashi ga Inna Fadi, Allah ya ba ta haƙuri ya fid da ita takaba lafiya. Ga Baffa Wakili da iyalinsa, wanda ya rasa wa kuma ya gaji nauyinmu. Ga Mushe Ousmane, da Mamadu da sauran 'yan wasa, da duk wanda ya tako daga Yekuwa, Dogo-Dogo da Magarya, Allah ya ba da ladan tafiya.

Ke kuma Kadi, na san takardar nan za ta iso hannunki, kuma za ki ga kurakuranta kafin kowa. Allah ya ba ki haƙurin rashin uba. Inna lafiya lau, tana gaishe ki, tana gai da Yakura. Randa cike take. Kada ki zo sai an ba ku hutu.

Allah ya ji ƙan Malam Labbo. Amin.

Hammadu Labbo
Zangon Kirya, Oktoba 1979